Sawu a Takardar Ƙosai

Maganar ta tashi ne daga ƙofar kamfanin rabon taki da ke hanyar Shango. Kafin azahar ta isa Sabon Gari, kafin la'asar har masu faci sun haddace ta. Wai Irimiya mai aikin kwamfuta ya karɓi na goro a hannun 'yan kasuwa, ya share sunayen manoman Kagara ɗari huɗu da sha biyu daga na'ura, don takinsu ya zama rarar da za a karkatar. Wai dama yana rigimar gona da kawunsa a can. Wai an gan shi da sabon agogo.

Watan Yuni ne na 1994. Ruwa ya zauna, masara ta kai gwiwa tana jiran taki, ranar Litinin mai zuwa kuma za a yi rabo. Duk wanda na'ura ba ta buga sunansa ba, ko buhu ɗaya ba zai gani ba.

Mama Magdalene ta ji labarin sau uku a yini guda, kowane karo agogon yana ƙara tsada. Shekara ashirin da bakwai ta yi a ɗakin kwamfutar wani banki, daga Legas zuwa Kaduna, tun zamanin da ake huda kati a ba na'ura umarni, kafin ta yi ritaya ta dawo Minna tana kiwon kaji. A wurin aiki Mai Bin Sawu suke ce mata, domin in lissafin na'ura ya karkace, ita ake kira ta bi shi layi-layi har inda ya fara. Abin da aikin ya koya mata kuma shi ne, maganar da kowa ya yarda da ita da wuri, galibi ba wanda ya duba ta.

Ranar Laraba da safe Sara matar Irimiya ta shigo mata, goye da ɗa, idanu a kumbure.

"Mama, kwana biyu ke nan yana wurin 'yan sanda. Sun ce Litinin za su kai shi kotu."

"Zauna tukuna. Agogon fa?"

"Wane agogo? Na babansa ne da ya rasu, gyara shi ya yi!"

"To, ɗaya ta faɗi. Rigimar gonar?"

Sara ta sunkuyar da kai. "Wannan gaskiya ce."

"Gara da kika faɗa," in ji Magdalene. Ta ɗauki lemarta da madubin idonta. "Ban yi miki alkawarin komai ba, 'yata. Zan dai je in duba."

* * *

Saja Gaiya ya ba ta minti goma, saboda cocinsu ɗaya. Aka fito da Irimiya ba takalmi, gemu ya fara tsiro masa.

"Ɗana, ba kuka na zo ji ba. Me ka danna ranar Litinin?"

"Mama, sabon furogiram nake gwadawa, wanda zai riƙa share sunayen gunduma in an gama rabo. Fayil biyu muke da su masu kama ɗaya: na gaskiya, da kwafinsa na gwaji. Na rubuta wani furogiram da ke gaba da mai sharewar, muna ce masa uwa. Abu biyu take yi. Ta fara ba da umarnin juya fayil, wato duk wanda ya nemi fayil ɗin manoma a kai shi na gwaji. Sannan ta kira mai sharewa. Sau shida na gwada a makon jiya, na gaskiya ko ƙwarzane bai yi ba. Litinin na sake, sai ya cinye na gaskiya."

"Me ya sa Kagara?"

"Don na san sunayen. In wani ya tsira, zan gane da ido."

"Ka taɓa uwar tsakanin Alhamis da Litinin?"

"Ban taɓa ba. Juma'a ma ban je aiki ba, na kai yaro asibiti."

"Tef ɗin ajiya fa? Ai sai a dawo da sunayen."

"Ranar Alhamis aka gama shigar da Kagara. Tef ɗin Juma'a kaɗai ke da su, shi kuma an ce ya ɓace. Littattafan da muka kwafa sun koma hannun masu unguwanni, ƙauye sittin. Kafin a tattaro su a sake bugawa, masara ta yi ja." Ya dube ta. "Mama, har sunan gwaggona da ta goye ni yana ciki."

Saja Gaiya ya buga agogonsa da yatsa. Da za ta fita ya ce, "Mama, kar ki wahalar da kanki. Kwamfuta ba ta ƙarya. Abin da aka ce ta yi, shi take yi."

"Gaskiyarka, Saja. Saura mu san wa ya ce mata."

* * *

Alhaji Maiwada, manajan kamfanin, bai so zuwanta ba, amma tun safe mutanen Kagara suka cika masa ƙofa, wasu sun yi zaman dirshan a ƙarƙashin mangwaro. Mutumin da ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ya haɗa ta da Philip, shugaban sashen kwamfuta, wani tsaf-tsaf mai farar riga da biro uku a aljihu, wanda bai daɗe da dawowa daga kwas a Legas ba.

Ɗakin na'urar sanyi kamar randa. Ita kanta na'urar, AS/400, tana tsaye a lungu kamar firij, tana gurnani a hankali. Komai a jere yake, kowane kwali da lambarsa. A bango an manna doka da manyan baƙaƙe: DUK TAKARDAR DA AKA ZUBAR A ƘONE TA.

"Madam, zamaninku da namu ba ɗaya ba ne," in ji Philip yana murmushi. "Yanzu ba a huda kati."

"Na ji labari. Nuna mini uwar da yaron ya yi aiki da ita."

Ya danna, koren rubutu ya fito. Layi na farko umarnin juya fayil, OVRDBF, yana nuna fayil ɗin gwaji. Layi na biyu kiran mai sharewa. Daidai yadda Irimiya ya faɗa.

"Kin gani? In da wannan ya yi amfani da shi, na gaskiya ba zai taɓu ba. Ke nan tsallake ta ya yi, ya kira mai sharewa kai tsaye. Da gangan. Abin ya dame ni, Madam, ni na ɗauke shi aiki."

Maganarsa a kan hanya take, kuma Sara na can tana jira. Ta gyara madubinta.

"Takardar tarihin aikin ranar fa?"

"Ba a ajiye ba. Aikin da ya ƙare lafiya ba ya barin tarihi."

"To nuna mini ranar haihuwar wannan uwa."

"Ranar me?"

"Ranar da aka haɗa ta. Na'ura tana rubutawa, ko a zamaninmu."

Ya danna. Sha huɗu ga Yuni, ƙarfe bakwai da minti hamsin na safe. Talata.

"Ikon Allah," in ji Magdalene. "An haife ta ran Talata, ta yi aiki ran Litinin. Shi kuma Irimiya daren Litinin a hannun Saja ya kwana."

"Ni na sake haɗa duka furogiram ɗin sashen ran Talata, don in tabbatar ba a lalata wani ba. Tsari ne."

"Tsari abu ne mai kyau," ta ce. Amma a ranta ta tuna kakanta mai bin sawun shanun sata, wanda yakan ce in ka tarar da hanya an share ta tas, to ka bi sawun tsintsiyar.

A bakin ƙofa Philip ya rage murya. "In tef kike nema, tambayi Ndakotsu. Shi ke riƙe da makullin kabad. Maigadi ya gan shi ran Litinin da yamma ya ɗaure kwali a bayan keke."

* * *

Ndakotsu dattijo ne Banufe, shi ke sa tef da yaga takarda daga firinta. Ta same shi ran Alhamis a bayan sito yana wanke kofin shayi. Da ta ambaci kwali, kofin ya kusa suɓuce masa.

"Mama, wallahi ni ba ɓarawo ba ne. Shekara tara ina nan, ko allura."

"Makullin kabad nawa ne?"

"Biyu. Ɗaya ni, ɗaya Oga Philip. Juma'a na sa tef, na rubuta kwanan wata, na kulle. Litinin ƙarfe uku Oga ya ce kawo tef, na buɗe, babu."

"Kwalin fa, Baba? Gara ka gaya mini da ka gaya wa Saja."

Ya waiga hagu da dama. "Takarda ne. Wanda aka zubar. Oga ya ce a ƙone, amma Mama, takarda mai kyau haka, fari fat, a sa masa wuta? Bintu mai ƙosai nake kai wa. Shi kuma yana ba ni ƙosai da koko kullum safe. In Oga ya ji, aikina ya tafi."

Magdalene ta matso kusa da shi.

"In an haɗa furogiram, firinta tana buga takardarsa?"

"Kullum. Da suna da lokaci a sama. Ni nake yaga, in sa a tiren mai shi."

"Ran Juma'a wa ka sa wa?"

"Oga. Da yawa. Ya zauna har bayan sallar Juma'a yana gyare-gyare, ya ce zai koya wa yara tsafta irin na Legas. Litinin da rana na ga duka a kwandon shara."

* * *

Bintu tana suya a bakin titi, daura da mangwaron da mutanen Kagara ke zaune. Ciniki ya buɗe mata a kwanakin nan, abin da ya tayar wa Magdalene hankali ke nan: kowane ƙosai na naira biyu yana tafiya da shafi guda.

"Sannu da aiki, Bintu. Takardar naɗinki nake so in saya."

"Takarda? Mama, mutane na sayen ƙosai su yar da takarda, ke za ki sayi takarda ki bar ƙosai? Ko kaji ne suka fara karatu?"

"Sun kusa. Ina kwalin Litinin?"

"Ga abin da ya rage."

Bai kai rabi ba. Magdalene ta zauna a kan benci, ta ɗora kwalin a cinya, ta shiga bi shafi-shafi. Hayaƙi yana shiga mata ido, gwiwa tana mata zogi. Jerin buhuna, jerin direbobi, wasiƙar da aka buga a karkace. Awa guda ta wuce. Ta kai gindin kwali ba ta ga komai ba.

Ta ɗaga kai ke nan sai ta ga wani tsoho cikin mutanen Kagara ya gama cin ƙosansa, yana murza takardar zai goge hannu. Ta hango gajerun layuka a jiki, ba dogon jeri ba.

"Baba! Don girman Allah kar ka yaga!"

Tsohon ya tsorata ya miƙa mata. Mai ya jiƙa ta har ana ganin rana ta ciki, amma rubutun na nan. Wannan rabin ne. Ɗaya rabin suka same shi a ƙarƙashin teburin Bintu, an tokare ƙafarsa da shi. Ta haɗa su a cinyarta ta karanta sau biyu.

"Hajiya," in ji tsohon, "sunayenmu ne a ciki?"

"A'a, Baba. Hanyar da suka bi suka fita ce."

* * *

Ran Juma'a da hantsi suka taru a ɗakin na'ura: Alhaji Maiwada, Philip, Ndakotsu a bakin ƙofa, da Saja Gaiya wanda ya kawo Irimiya da ankwa a hannu.

"Alhaji, ranka ya daɗe," in ji Magdalene, "mahaifina ma'aikacin reluwe ne a tashar nan, mai canja wa jirgi layi. Akwai wani ƙarfen canji a wajen sito da ba ya zama da kansa. In kana so tarago ya shiga layin gefe, sai ka danne shi ka tsaya a kai har ya wuce. Ka ɗaga hannu, ya koma babban layi. Umarnin juya fayil haka yake. Yana raye ne muddin furogiram ɗin da ya ba da shi yana tsaye. Duk wanda ya kira a lokacin, layin gefe zai bi. Da zarar ya gama ya fita, umarnin ya bi shi, sai fa in an rubuta ɓaro-ɓaro cewa ya zauna har ƙarshen aikin gaba ɗaya."

"Na gane wannan," in ji Alhaji. "Sai me?"

"Uwar da Irimiya ya rubuta ita ke danne ƙarfen da kanta, ta kira mai sharewa tana tsaye a kai. Shi ya sa sau shida ba a yi ɓarna ba." Ta shimfiɗa takardar mai maiƙo a kan teburin Philip, warin ƙosai ya cika ɗakin sanyi. "Ga uwar da ta yi aiki ran Litinin, kafin a mayar da ita yadda take a da ran Talata. An cire umarnin daga cikinta, an sa shi a wani ɗan ƙaramin furogiram shi kaɗai. Uwa ta aiki ɗan, ya je ya danne ƙarfe, ya saki, ya dawo ya ce ya gama. Sannan ta kira mai sharewa. Jirgi ya taho, ba kowa a kan ƙarfe. Saja, karanta mana saman takardar."

Saja Gaiya ya matso. "Goma ga Yuni. Ƙarfe biyu da kwata. Philip."

Irimiya ya ɗago kai a hankali ya dubi ogansa.

Philip ya yi dariya, amma ba ta kai zuci ba. "Alhaji, gyaran tsari ne kawai. Umarni ɗaya yana warwatse a furogiram goma sha ɗaya, na tattara shi wuri guda. Haka ake koyarwa yanzu. Umarnin bai canja ba, ko harafi ɗaya. Wannan tatsuniyar jirgi ce."

Alhaji ya dubi Magdalene, ya dubi Philip. Ta ga alamar farar riga da takardar kwas suna neman rinjayar tsohuwa mai kaji.

"Wataƙila na tsufa," ta ce. "Gani ya kori ji. Ɗana Philip, zauna ka mayar da uwar yadda take a takardar nan, layi biyu ne. Sannan ka sa ta share gundumar Shango. In gyaran tsari ne kawai, fayil ɗin gwaji zai ci, ni kuma in ba ka haƙuri a gaban kowa."

"Shango mutum ɗari bakwai ne," in ji Alhaji.

"Ai ya ce ba abin da zai faru."

Philip ya zauna. Ya buga layukan da sauri, ya haɗa, firinta ta yi ƙara ta tofo takarda. Ya rubuta lambar Shango. Saura ya danna maɓalli ɗaya. Yatsansa ya tsaya a sama. Na'urar sanyaya ɗaki tana busawa, amma gumi ya keto masa ta wuyan riga.

"Danna mana," in ji Saja Gaiya.

Bai danna ba. Ya janye hannun ya ɗora a cinya.

"Ban sani ba ran Juma'a," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Na rantse ban sani ba. Sai Litinin da rana, da na duba littafin na'ura. Alhaji, wata uku da dawowata daga kwas ɗin da ka biya. Mutane sun riga sun fara cewa Irimiya ne. Na ce bari ƙura ta lafa."

"Ta lafa a kan wa?" in ji Irimiya. Ankwar ta yi ƙara. "Oga, kai ka riƙe mini ɗa ranar baftisma."



"Tef ɗin," in ji Magdalene. "Uwar da ka gyara tana cikinsa da kwanan wata, shi ya sa ka ɗauke. Ka ƙone shi?"

Ta tagar ana jin hayaniyar mutanen Kagara a ƙarƙashin mangwaro.

"Yana but ɗin motata. Ƙarƙashin safaya."

"Kwana huɗu a cikin zafin but?" Ndakotsu ya dafe kai. "Oga, tef ba ya son zafi!"

Ndakotsun ne ya ɗauko tef ɗin da hannu biyu kamar ƙwai, ya bar shi ya huce rabin awa, sannan ya sa. Tef ya juya, ya tsaya, ya koma baya, ya sake juyawa. Magdalene ta rufe ido tana addu'a da harshen uwarta. Sai firinta ta kama aiki. Saja ya kwance ankwa, Irimiya ya durƙusa gaban takardar yana bi da yatsa, har ya kai sunan gwaggonsa, ya wuce, ya kai na kawun da suke rigima, ya wuce, ya kai ƙarshe.

"Ɗari huɗu da sha biyu," ya ce.

Magdalene ta ɗauki lemarta. A ƙofar kamfani tsohon nan na jiya ya tare ta, mutane suka taso bayansa, Bintu ma ta bar kaskonta.

"Hajiya, nawa aka ba yaron?"

"Ba a ba shi ko kwabo ba," ta ce. "Ogansa ne ya matsar da umarni ɗaya daga inda yake aiki zuwa inda ba ya aiki, ran Juma'a, bai gaya wa kowa ba. Irimiya ya danna ran Litinin bai sani ba. Da ogan ya gane, ya ɓoye tef, ya bar yaron ya kwana huɗu a kulle. Sunayenku sun dawo. Litinin ku zo da katinku."